Gudu Daban, Sauri Daban: Tarihin Jirgin Ƙarƙashin Ƙasa na Paris

Bahaushe a kan ruwa ya fara sanin jirgi. Da aka kawo wani abu mai jan kaya da mutane bisa dogo, sai aka ce jirgin ƙasa. Da wani ya tashi sama, aka ce jirgin sama. Na asalin kuwa, dole aka liƙa masa "ruwa" don a bambanta shi da ƙannensa. To ga wani jirgi ya ɓullo wanda a cikin ƙasar yake tafiya, alhali kalmar "ƙasa" an riga an ba wani. Shi ya sa muke jan dogon suna har numfashi ya ƙare: jirgin ƙarƙashin ƙasa.

Faransawa ma da dogon suna suka fara. Kamfanin da ya fara tafiyar da jirgin a Paris yana ɗauke da kalmar métropolitain a cikin sunansa, kamar yadda kamfanin farko na Landan yake ɗauke da Metropolitan. Tushen kalmar Girkanci ne, "uwa" da "birni", wato uwar birane. Bakin talaka bai da lokacin gaɓoɓi biyar, sai ya datse ta ya bar biyu, metro. Guntun nan ne ya yi yawon duniya, ya je Mosko, ya je Alƙahira, ya je Alje. Abin dariya, mutanen Landan da suka fara abin ba sa kiran nasu da wannan suna. Ni ma daga nan zan riƙa cewa metro, don takardar fotokofi da kuɗi ake sayenta.

Tambayar da ta sa na ɗauki biro ƙarama ce: nawa metro yake gudu? Duk wanda ya ga hotonsa a waya, yana fitowa daga duhu da fitilu, iska na kaɗa rigunan mutane, zai rantse cewa walƙiya ce. Amsar tana ba da kunya. A yawancin layukan Paris, iyakar abin da aka yarje wa jirgi shi ne kilomita 70 a awa. Kuma idan ka ɗauki tsawon layi ka raba da lokacin da fasinja yake yi daga tashar farko zuwa ta ƙarshe, abin da zai fito maka bai wuce kilomita 20 zuwa 30 a awa ba. Ɗan kabu-kabu a Maraɗi, in hanya ta buɗe masa, ya fi haka.

Hausa tana da kalmomi biyu da za su warware mana wannan. Gudu shi ne abin da allurar mita take nunawa a wannan ƙiftawar ido. Sauri kuwa shi ne yaushe ka isa. Kowa a cikinmu ya san bambancin da jikinsa. Daga Yamai zuwa Maraɗi kilomita 660 ne ko kusa da haka. Direban bas yana taka 100 har da ɗoriya, amma a tsaya Doso, a tsaya Dogon Dutsi, a yi salla a ci abinci a Konni, a sauke kaya a Madawa, ga shingen jandarma, sai ka ga awa 10 ta shuɗe. Direba ya yi gudu, fasinja bai ga sauri ba. Injiniyoyin Faransa suna kiran wannan na biyun "saurin kasuwanci", domin shi ne abin da ake sayar wa fasinja idan ya yanki tikiti. Tarihin metro, a nawa karatun, tarihin wannan lamba ta biyu ce, da dalilin da ya sa ta ƙi motsi shekara da shekaru.

Mu fara da Landan. Ranar 10 ga Janairu 1863 aka buɗe layin farko a duniya, daga Paddington zuwa Farringdon, kilomita 6. Wani lauyan birnin mai suna Charles Pearson ne ya yi shekaru yana fafutukar a gina shi, yana cewa ma'aikata su samu hanyar fita daga cunkoson tsakiyar gari su zauna inda akwai iska. Allah bai nuna masa ba, ya rasu a watan Satumba 1862, ƴan watanni kafin buɗewa. Kan jirgin da tururi yake aiki, ana hura masa kwal, a cikin rami. Ku ƙaddara hayaƙin. Duk da haka mutum wajen 38,000 suka hau a ranar farko. Tafiyar tana cin minti 18. Kilomita 6 a minti 18, kilomita 20 ke nan a awa. Ku riƙe wannan lamba. Gwanayen tseren maraton na Kenya da Habasha, masu cinye kilomita 42 cikin awa 2 da ƴan mintuna, da ƙafa suke yin wannan saurin.

Paris ta makara. Landan ta samu layin lantarki a 1890, Budapest ta buɗe nata a 1896, Paris tana nan tana gardama. Fiye da shekara 20 ana jayayya tsakanin gwamnatin ƙasa da majalisar birni, kuma wannan jayayyar ce ta yanke saurin jirgin tun ba a haƙa ramin farko ba.

Gwamnati da manyan kamfanonin jirgin ƙasa suna son a huda ƙarƙashin birnin a haɗa manyan tashoshi, yadda jirgin da ya taso daga wajen gari zai ratsa ya fita ta ɗaya gefen. Majalisar birni ta ce atafau. A lokacin Paris tana da ganuwa, wadda aka gina tsakanin 1841 da 1844, da ƙofofi inda ake karɓar haraji a kan kayan da ke shiga. Wanda ya san Birni da Zango a Damagaram zai gane yanayin: akwai ƴan ciki, akwai ƴan waje. Tsoron majalisa shi ne, in aka sauƙaƙa fita, mutane za su kwashe su koma wajen ganuwa inda haya ke da araha, su tafi da harajinsu da ƙuri'unsu. Tana son jirgin da zai yi wa ƴan ciki hidima kawai.

Majalisa ce ta yi nasara, saboda babban baje kolin duniya na 1900 yana ƙaratowa, gwamnati kuma tana jin kunyar baƙi su zo su tarar da birnin a cushe da keken doki. Dokar 30 ga Maris 1898 ta ba da izini. Amma dubi irin kullin da majalisa ta yi don kada a warware mata aiki daga baya. Aka yi ramukan ƙanana, faɗin tarago mita 2 da santimita 40, yadda jirgin ƙasa na gaske ba zai taɓa shiga ba. Jiragen ƙasan Faransa ta hagu suke bi, metro aka sa shi ta dama. Layukan farko babu wanda ya ƙetare ganuwa, wasu a bakinta suka tsaya, shi ya sa har yau sunayen tashoshi da yawa suke farawa da Porte, wato ƙofa. Sannan aka dasa tashoshi kusa da kusa, da niyyar kada mazaunin birni ya yi doguwar tafiya da ƙafa kafin ya samu ɗaya. Tazarar da ke tsakanin tasha da tasha a Paris, in an daidaita, ba ta kai mita 600 ba.

Injiniyan da aka damƙa wa aikin shi ne Fulgence Bienvenüe, mutumin Biritaniyar Faransa, wanda ya rasa hannunsa na hagu a wani hatsarin aikin dogo a 1881. Dabararsa ita ce kada a nutsa da zurfi. A tone titi, a gina rufin rami, a mayar da ƙasa, a ci gaba da haƙa daga ciki. Aikin ya yi sauri ƙwarai: cikin ƙasa da shekara 2 aka gama layi na 1. Sai dai wanda ya bi ƙarƙashin titi dole ya bi lanƙwasar titi. Inda titin ya yi kwana, jirgi ma ya yi. A tashar Bastille akwai wata kwana mai tsanani da har gobe jirgi sai ya rage gudu sosai kafin ya sha ta.

Ranar 19 ga Yuli 1900 aka buɗe, daga Porte de Vincennes zuwa Porte Maillot, kilomita 10 da ɗan ɗori, da taragu uku na katako. Tikiti santim 15 a aji na biyu, 25 a aji na ɗaya. Tafiyar kamar rabin awa. Kilomita 10 a rabin awa, 20 a awa. Shekara 37 bayan Landan, an bar kwal an koma lantarki, lambar tana nan inda take. Ga mutumin 1900 wannan ba abin raini ba ne, don keken dokin haya da ya saba da shi bai kai rabin haka ba. Na ƙarshensu a 1913 ya bar titin Paris.

Me ya hana a ƙara? Nan sai mun yi ɗan lissafi, ku yi haƙuri, ɗan sashen harsuna ne zai yi muku shi, ba zai yi tsauri ba.

Mu ƙaddara jirgi yana ƙara kilomita 3.6 a awa cikin kowane sakan, wato mita ɗaya a sakan. Ba a cika wuce wannan da yawa ba, dalili kuwa ba inji ba ne. Yawancin fasinja a tsaye suke, akwai tsoho, akwai mai goyo, in aka fizgi jirgi fiye da haka sai a zube. Da wannan ma'auni, kafin jirgi ya kai 70 a awa zai ci sakan 19 da mita 190. Tsayawa ma haka, sakan 19 da mita 190. In tazarar tasha mita 550 ce, saura mita 170 kacal da zai yi cikakken gudu, sakan 9. Jimla sakan 48 ko ƙasa kaɗan. Ƙara sakan 20 na buɗe ƙofa, a sauka, a hau, a rufe. Mita 550 a sakan 68, kilomita 29 a awa. Wannan fa in babu kwana, babu jiran wani jirgi a gaba, babu mai riƙe ƙofa don abokinsa.

To a ce an kawo jirgi mai iya gudun 200. A tsakanin waɗannan tashoshi biyu, yana kai 84 a awa ya iso tsakiyar hanya, dole ya taka birki. Ribar da aka ci ba ta kai sakan ɗaya ba. Yanzu mu bar jirgin nan namu mai 70 yadda yake, mu matsar da tasha ta koma mita 2,000. Tafiyar za ta ci sakan 122, da tsayawa 142. Kilomita 50 a awa. Jirgi ɗaya, direba ɗaya, daga 29 ya koma 50. Ashe saurin yana hannun wanda ya zana taswira, mai ƙera inji ɗan rakiya ne.

Mutanen Niyok sun gane haka tun farko. Layinsu na 27 ga Oktoba 1904 dogo huɗu aka shimfiɗa masa a babban sashensa: biyu na jirgin da ke tsayawa kowace tasha, biyu na tsakiya na wanda ke tsallake ƙananan tashoshi. Mosko, da ta buɗe nata a 1935, ta nutsa da zurfi, ta miƙe layukanta, ta nisanta tashoshi fiye da kilomita ɗaya da rabi, saurinta ya kai wajen 40 a awa.

Kada mu yi wa Bienvenüe rashin adalci. Fasinja ba daga tasha yake tasowa ba, daga gida yake. Mai tafiya da ƙafa kilomita 5 yake yi a awa. In tafiyarka kilomita 3 ce, jirgi mai 50 zai rage maka ƙasa da minti 3 a kan mai 29, amma ƙarin takawar da za ka yi zuwa tasha mai nisa, da wadda za ka yi bayan ka sauka, za ta ci maka kusan minti 9. Ka yi asara. In kuwa tafiyarka kilomita 20 ce, mai 29 zai ci minti 41, mai 50 minti 24, ko an cire takawar kana da riba. Paris ta cikin ganuwa ƙaramin birni ne, faɗinta kilomita 10 ne ko sama kaɗan. Ga ɗan ciki, metron Bienvenüe daidai yake da shi kamar rigar da tela ya auna. Matsalar ita ce wanda ba a auna ba.

Kafin mu je gare shi, akwai ranar 10 ga Agusta 1903, wadda ba a tsallake ta a wannan tarihi. Da yamma wayar lantarki ta haɗu a wani tarago a layi na 2, hayaƙi ya fara tashi. Aka sauke fasinja, aka sa wani jirgi ya tura mai matsalar zuwa ƙarshen layi. Wutar ba ta mutu ba. A tashar Ménilmontant ta tashi gadan-gadan. Jirgin da ke biye, cike da mutane, yana tsaye a tashar Couronnes. Aka ce su fita, wasu suka tsaya suna neman a mayar musu da kuɗin tikitinsu. Hayaƙi ya biyo rami ya cika tashar, fitilu suka ɗauke, mutane suka nufi gefen da babu mafita. Rai 84 suka salwanta. Santim 15 ɗin nan yana tsaya mini a rai. Talaka ne ya biya kuɗinsa ba a kai shi gida ba, yana neman haƙƙinsa.

Bayan wannan musiba aka sake tsarin jirgin. A da, duk ƙarfin lantarki ta taragon gaba yake bi, cikin katako. Aka koma dabarar wani Ba'amurke, Frank Sprague, wadda ya gwada a Chicago a 1897: a rarraba injuna a ƙarƙashin taragu da yawa, direba ya sarrafa su duka da ƙaramar waya mai raunin wuta. Taragun kuma aka koma yin su da ƙarfe. Daga 1908 jiragen da ake kira Sprague-Thomson suka shiga aiki, ba su bar dogo ba sai 1983. Don tsaro aka yi gyaran, amma ya taɓa sauri, domin jirgin da injuna ke turawa daga wurare da yawa ya fi saurin tashi, kuma ana iya ƙara masa tsawo.

Tunda ba a iya matsar da tashoshi, ba a iya miƙe kwana, sai injiniyoyi suka koma tsintar sakan ɗaya-ɗaya kamar mai tsintar gero a masussuka. Ƙarfe a kan ƙarfe yana santsi. A 1956 aka sa wa jiragen layi na 11, mai hawan tudun Belleville, tayoyin roba, don su kama hanya da kyau wajen tashi da tsayawa. Layi na 1 ya biyo baya a 1963 zuwa 1964, na 4 a 1966 zuwa 1967, na 6 a 1974. Wata dabarar ta shafi mutane ne kai tsaye. Shekaru da yawa akwai wasu ƙyamare a bakin dakalin jira da ke rufe kansu da zarar jirgi ya shigo, don kada masu rugowa a makare su riƙe shi. Wanda ya zo a makare sai ya tsaya yana kallon jirginsa ta bayan ƙarfe. Sauri kan haifi nawa, in ji Hausawa, kuma a metro hakan yake a zahiri: mutum ɗaya ya tare ƙofa sakan 10, jirgin baya ya jira, na bayansa ya jira, kafin ka ankara layi duka ya rikice. A shekarun 1970 aka daina amfani da ƙyamaren, bayan an kafa cibiyar da ke lura da jirage duka daga ɗaki ɗaya, aka kuma sa na'urar da ke taya direba tuƙi.

Duk wannan wahala me ta haifar? Layi na 1 a yau kilomita 16.6 ne, tasha 25, daga La Défense zuwa Château de Vincennes, tafiyar kamar minti 36. Kilomita 27 zuwa 28 a awa. Tayar roba, kwamfuta, babu ma direba tun wajen 2012. Daga 20 zuwa 28 cikin shekara fiye da 100. A wannan tsakanin jirgin sama ya tashi daga babu zuwa ƙetare teku, jirgin TGV ya kai 300 a awa da fasinja.

Yanzu ga wanda ba a auna ba. Faransawa suna kiran wajen gari banlieue. Asalin kalmar ban, ikon hukuma, da lieue, wani tsohon ma'aunin tafiya: yankin da ke kewaye da birni wanda hukuncin birni yake hawa kansa. Ka ji kalma mai gaskiya, hukunci ya kai gare ka, jirgi bai kai ba. (Na so in fassara ta da "bayan gari", sai na tuna abin da Bahaushe yake zuwa yi can, na fasa.) An rushe ganuwar tsakanin 1919 da 1929, amma metro bai leƙa waje ba sai 1934. Mutane kuwa ba su jira izinin majalisa ba. Haya ta kore su, masana'antu suka ja su, wajen gari ya cika ya batse. Bayan yaƙin duniya na biyu aka gina dogayen benaye can nesa, aka zuba ma'aikata, cikinsu har da ƴan Aljeriya, Maroko, Mali, Senegal da sauran ƙasashen da Faransa ta yi wa mulkin mallaka. A yau mazauna cikin Paris miliyan 2 ne da ƴan kai, yankin gaba ɗaya kuwa ya haura miliyan 12. In ka miƙa layi mai tsayawa kowace mita 550 zuwa kilomita 25, ka yanke wa mai shara da mai gadi hukuncin awa guda zuwa, awa guda dawowa, ban da jira da canjin jirgi.

Sai aka dawo kan shawarar da majalisa ta kayar a ƙarni na 19. Aka haƙa sababbin ramuka masu faɗi da zurfi, a ƙarƙashin na Bienvenüe, aka haɗa layukan wajen gari ta tsakiyar birni, da tashoshi ƙalilan. Shi ne RER. Ranar 8 ga Disamba 1977 aka haɗe gabas da yamma a tashar Châtelet-Les Halles. Jiragensa ta hagu suke bi, kamar sauran jiragen ƙasa. Kusan shekara 80 aka yi kafin a warware kullin 1898, kuma da kuɗi mai yawan gaske, don haƙa a ƙarƙashin abin da aka riga aka haƙa ba wasa ba ne.

Metro kansa sai a 1998 ya samu layin da aka zana don sauri. Ranar 15 ga Oktoba aka buɗe layi na 14. Sunan aikin Météor, gajarcen jimlar da ke nufin metro mai sauri daga gabas zuwa yamma, kuma kalmar tana nufin tauraro mai wutsiyar wuta da ke faɗowa. Masu raɗa sunan sun iya talla. Iyakar gudunsa 80 ne a awa, ƙarin 10 kawai a kan sauran. Amma tashoshinsa sun haura kilomita ɗaya tsakani, daga Châtelet zuwa Gare de Lyon kusan kilomita 3 ba tsayawa, an kuma sa bangon gilashi mai ƙofofi a bakin dakali don kada kowa ya faɗa kan dogo. Saurinsa wajen 40 a awa. Kuma da yake kwamfuta ce ke tuƙi, jirgi na iya bin jirgi da tazarar sakan 85. Wannan ma sauri ne, ko da allura ba ta nuna shi, don mintin da ka yi a tsaye kana jira daga cikin ranarka aka cire shi.

A Afirka, Alƙahira ce ta fara, a 1987, da taimakon injiniyoyin Faransa. Abin lura, tsarin RER suka bi: layuka biyu na wajen gari aka haɗa da ɗan gajeren rami a tsakiyar birni, layin ya kai kilomita 44 daga Helwan zuwa El Marg, da tasha 35. Alje ta buɗe nata a 2011, bayan an fara aikin tun shekarun 1980.

Wani zai ce, mu da ko jirgin bisa ƙasa ba mu hawa, ina ruwanmu da na ƙarƙashi? Gaskiya ne, an yi bikin tashar jirgi a Yamai a 2014, an shimfiɗa dogo kilomita 143 zuwa Doso, ba a ga jigila ba. Ana kuma aikin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka ƙaddamar a 2021. Ni ba na cewa a haƙa Yamai gobe. Abin da nake gani shi ne, duk ranar da aka zo mana da alƙawarin jirgi, ko manyan bas masu hanyarsu ta daban, lambar da za a rubuta a allo ita ce ta gudu, don ita ke burge mutane a wajen biki. Mu ɗalibai ya kamata mu iya tambayar ɗayar: tasha nawa, a wace unguwa, minti nawa daga ƙofar gida zuwa kasuwa, jira nawa? Yamai tana faɗaɗa ta kowane gefe, kuma masu ƙaramin ƙarfi ne ke matsawa can baki, kamar dai yadda aka yi a Paris. Wanda ya zaɓi inda za a dasa tasha ya zaɓi wanda zai riƙa tashi tun kafin asuba, shi da ƴaƴansa.

A Paris ɗin ma lissafin bai rufe ba. Garin Clichy-sous-Bois, inda tarzomar 2005 ta faro bayan mutuwar samari biyu a wata tashar lantarki, kilomita 15 ne kacal daga tsakiyar birni, amma a lokacin ba shi da tashar jirgi ko ɗaya, shiga Paris da motar haya da jirgi kan ci fiye da awa guda. A 2010 aka yi dokar wani babban aiki, Grand Paris Express: kilomita 200 na sababbin layuka, tasha 68, yawancinsu suna kewaya wajen gari ba tare da sun shiga tsakiya ba, don mai zuwa aiki daga wata unguwar waje zuwa wata ya daina ratsa cibiyar birni. An tsara jiragen su kai 110 a awa, saurin tafiya kuma tsakanin 55 da 65. Layi na 16 ne aka zana ya tsaya a Clichy. A watan Yuni 2024, gab da wasannin Olamfik, aka miƙa layi na 14 arewa zuwa Saint-Denis, kudu zuwa filin jirgin saman Orly. Tsawonsa yanzu kusan kilomita 28, ana ratsa shi cikin minti 40.